Aikin Wutar Kakan Alhaji Lawal

A cikin shekara goma sha ɗaya da na yi ina aiki a laburaren council, wato ƙaramar hukuma, na unguwarmu a Barking, akwai wata Talata da har yau ban manta da ita ba. Ina so in ba ku labarinta, ku ƙannena da kuka shigo aikin taimakon jama'a a bayana, domin kuskuren da aka yi ranar ni na yi shi da bakina.

Ni ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kaduna, da muka biyo maigidana London kuma na shiga ajin Turanci na yamma. Da shara da goge tebura na fara a laburaren, bayan shekara huɗu aka ɗauke ni mataimakiya. Aikin mataimakiya shi ne jera littattafai, yi wa mutane booking, wato ware musu lokacin amfani da kwamfuta, da zama kusa da tsofaffi idan fom ya gagare su. Sama da ni akwai Margaret, Baturiya mai kula da sashen tarihin unguwa, sama da ita sai manaja.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasar nan duk shekara goma ana ƙidayar jama'a. Kowane gida a kai masa takarda, mai gidan ya rubuta duk wanda ya kwana a ciki ranar ƙidaya: sunansa, shekarunsa, inda aka haife shi, aikinsa, da wanda yake yi wa aikin. Daga nan sai a kulle takardun, ba mai ganinsu sai bayan shekara ɗari. Ta 1921 a farkon 2022 aka buɗe ta, bayan wani lokaci kuma laburarenmu ya samu damar nuna wa mutane a kwamfutocinmu. Margaret ta tara mu rabin yini ta koya mana yadda ake nema. Ta ce ta 1931 ta ƙone, a 1941 kuma ba a yi ba saboda yaƙi, don haka wadda ke gabanmu ita ce ta ƙarshe da yawancinmu za mu gani. Dokar da ta kafa mana ɗaya ce: mu faɗa wa mutum abin da ke jikin takarda kawai, abin da ba mu gane ba mu jira ta.

Ban taɓa zaton wani namu zai zo neman nasa a ciki ba. Turawa ne ke cika wurin, suna neman kakanninsu masu aikin tashar jirgin ruwa. Sai ranar Talatar nan da hantsi na ɗaga kai na ga Alhaji Lawal tsaye a gaban teburina da sandarsa.

Alhaji Lawal mutumin Zariya ne, ya yi shekaru yana tuƙin bas a London kafin ya yi ritaya. Matarsa Hajiya Uwani ƙawata ce, tare muke karatun Asabar. Ta bakinta na san abin da ke faruwa a gidansu. Autarsu Bilkisu, haihuwar nan, ta ajiye aikinta na kantin magani ta shiga horon 'yan kwana-kwana. Alhaji ya ce bai kawo iyalinsa ƙasar nan don 'yarsa ta riƙa hawa tsani tana shiga hayaƙi ba. Wata takwas ke nan ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ranar Juma'ar mako mai zuwa za a yi bikin yaye su, an ba kowa izinin gayyato iyayensa, shi kuma ya ce ƙafarsa ba za ta taka wurin ba.

Bayan mun gaisa ya ce, "Maman Sadiya, an ce kuna da littafin matattu a kwamfuta."

Na ce, "Da ransu aka rubuta su, Alhaji, daɗewa dai suka yi."

Ya yi dariya ya zauna. Ya ce kakansa yake nema, Malam Garba. Bayan yaƙin duniya na farko ya gangara Ikko, daga can ya wuce Ingila, ya yi wasu shekaru ya dawo gida ya yi aure. Bai taɓa ba kowa labarin zamansa a can ba. Abin da dangi suka riƙe kawai shi ne ya yi aikin wuta a ƙasar Turawa, kuma kowa ya ɗauka lantarki ake nufi. Har yau, in ji shi, idan yaro ya gyara soket a gidansu na Zariya sai a ce gado ya bi. Shi so yake ya samu takarda ya tura wa 'yan uwa su ga injiniyan da suka fito daga jikinsa. Idonsa kuma ya yi yana, yana jiran a kira shi asibiti a yi masa aiki, don haka ni zan zama idonsa.

Margaret ba ta nan a makon, an tura ta wani reshe. Na yi masa booking na awa ɗaya muka fara. Na rubuta Garba, ba kowa. Na rubuta Abubakar, tunda kowane Garba Abubakar ne, sai wasu Larabawa a wani gari can bakin teku. Sai na tuna dabarar da Margaret ta koya mana, cewa idan ba ka san yadda Bature ya rubuta suna ba ka sa haruffan farko ka bi su da alamar tauraro, kwamfuta ta kawo duk sunan da ya fara da haka. Na yi, sai ga Gardner da Garrett shafi bayan shafi. Ina karanta masa yana gyaɗa kai, can ya tambaye ni ko duk waɗannan danginsa ne, don in haka ne gadon gidan Zariya ba zai ishe su ba.

Awa ta ƙare, na ƙara masa wata. Sai na bar suna na koma wurin haihuwa, na sa Najeriya, na taƙaita a London. Muna bi ɗaya bayan ɗaya har na zo kan wani suna: Garuba Saria. Shekara ashirin da bakwai, ba shi da aure, an haife shi a Saria, Najeriya. Na faɗa da ƙarfi sau biyu kafin kunnena ya ji Zariya a ciki.

Na buɗe hoton takardar. Gida ne a Canning Town, mutum goma sha ɗaya a ciki, wata mata ce mai gidan kuma ita ta cike da hannunta. Rubutu ne irin na da, a kwance, kowane harafi ya riƙe na gabansa. Mu da muka koyi karatu da girma kun san yadda irin wannan yake mana. A gaban sunansa na ga wata kalma, na karanta ta border, na ce wa Alhaji kamar an tsare shi a boda. Hankalinsa ya tashi, ya ce laifin me ya yi. Da na duba sai na ga mutum bakwai a gidan duk da wannan kalmar, na kuma lura akwai harafi ɗaya da ya ƙaru a tsakiya. Ashe boarder ce, ɗan haya ake nufi, mai kwana da cin abinci a gidan wani. Na ba shi haƙuri. Wannan ya isa ya sa in tsaya in jira Margaret, amma daɗin samun sunan ya riga ya ɗebe ni.

A layin aiki an rubuta fireman. Wannan kalmar na san ta, tana cikin littafin farko da muka yi a ajin yamma, har da hoton mutum da jar mota. A layi na gaba akwai sunan wani kamfani da haruffa biyu, S.S., na ɗauka sunan mai kamfanin ne aka taƙaita, na wuce.

Na ce, "Alhaji, ba lantarki ba ne. Ɗan kwana-kwana ne."

Ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Ya ce in sake karantawa, na sake. Ya ce, "Kin tabbata, Maman Sadiya?"

Na ce, "Ga shi a rubuce."

Na buga masa kwafi ya ninke ya sa a aljihu, ya fita ko sallama bai yi wa mai gadi ba, shi da kullum sai sun yi wasa. Bayan magariba Hajiya Uwani ta kira ni tana magana ƙasa-ƙasa. Wai yana shiga gida ya ce a kira masa Bilkisu. Ya sa ta zauna, ya miƙa mata takardar, ya ce ashe abin a jini yake, shi ne bai sani ba. Ya sa mata albarka, ya ce Juma'a da shi za a je. Ya kuma tura saƙon murya Zariya na minti shida. Hajiya ta yi ta yi mini addu'a, ni kuma na kwana ina jin na yi aikin lada.

Ranar Litinin Margaret ta dawo. Alhaji ya riga ya aiko a buga masa babba zai sa a firem, sai na kai mata ta gani, ina jiran yabo. Ta sa tabarau, fuskarta ta washe, ta ce kai, wannan abu ne mai kyau, fireman na jirgin ruwa. Na tambaye ta ko jiragen ruwa ma suna da 'yan kwana-kwanansu. Ta dube ni, ta jawo kujera ta ce in zauna.

Ta nuna mini haruffa biyun da na tsallake, ta ce alamar jirgi ce mai tafiya da tururi, kamfanin na jiragen ruwa ne. A wancan zamani, in ji ta, kwal ake ƙonawa jirgi ya tafi, kuma akwai mutane a can ƙasan jirgin da aikinsu shi ne ɗiban kwal da shebur suna zuba wa wuta, awa huɗu a tsaye, su huta su koma. Su ake kira da wannan suna. Ta ɗauko wani littafi ta nuna mini hoto: maza ba riga, baƙin kwal ya rufe su, bakin tanderu a buɗe a gabansu. Ta ce aiki ne da mutane da yawa ke gudu, shi ya sa ake samun 'yan Afirka da Larabawa a ciki.

Kaina ya ɗaure. Wuta ɗaya ta zama uku a hannuna: ta lantarki da dangi suka riƙe, ta gobara da na faɗa, da wannan ta kwal. Na ba ta labarin Bilkisu da Juma'a. Ta ce ta tausaya, amma doka ita ce idan mun ba mutum bayani ba daidai ba sai mun gyara, kuma za ta iya tura masa saƙo da sunan laburare. Na roƙe ta ta bari. Na ce a wurinmu ba a gaya wa dattijo irin wannan a rubuce, baki ya ɓata, baki zai gyara. Ta yarda, amma ta ƙara mini wani nauyin: ta ce ko shi Garuba ɗin ma ba mu da tabbacin shi ne kakan, suna da gari da shekaru ne kawai suka yi daidai, kuma ya kamata in faɗa masa haka tun farko.

Ranar Laraba Bilkisu ta zo karɓar babban kwafin. Na ja ta bayan kantar littattafan yara na fara kame-kame. Ban kai ƙarshe ba ta rufe baki tana dariya. Ta ce ita tun ranar farko ta sani, tana ganin sunan kamfanin ta duba a wayarta. Ita Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take amsawa, sai dai ranar ta daure ta haɗa mini da Hausa, ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, don Allah ki bari sai an yi Friday. Kwana biyu kawai." Ta ce wata takwas babanta bai tambaye ta ko ta ci abinci ba, yanzu har takalmin aikinta ya ce a kawo ya taɓa. Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Na ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ta tafi tana waiwayena.

Na yini ina jera littattafai a inda ba wurinsu ba. Idan na yi shiru, na bar dattijo yana yawo da maganar da ni na ƙirƙira, har Zariya. Idan na faɗa, wataƙila in raba uba da 'yarsa a karo na biyu, saura kwana biyu. Na tambayi maigidana, ya ce shi bai ga abin wahala ba, ai duk wuta ce. Daga ƙarshe na yanke a raina zan bari sai Litinin, kuma ban ji daɗin kaina da hakan ba.

Ranar Alhamis da azahar sai ga Alhaji da kansa, riƙe da babbar riga a leda, daga wurin wanki yake. Ya shimfiɗa babban kwafin a teburina. Ya ce mai firem yana jiransa, amma mutanen gida ba sa jin wannan rubutu, don haka in rubuta fassarar da Hausa a ƙasa, in sa hannu, in buga hatimin laburare, kada wani ya ce shi ya shirya abinsa. Hatimin yana cikin aljihun teburin Margaret, kuma ba a buga shi sai ta karanta abin da aka rubuta. Na ɗauki biro na rubuta sunan, na rubuta shekarun, na rubuta ɗan haya. Da na zo layin aiki hannuna ya tsaya.

Na ce, "Alhaji, ina da laifi a wurinka."

Na faɗa masa duka, da haruffa biyun, da kwal, da shebur, da cewa ko mutumin ma ba mu tabbatar nasa ba ne. Bai katse ni ba. Ya ce a kawo hoton. Na ɗauko littafin Margaret na ba shi gilashin ƙara girma da muke ajiye wa tsofaffi, ya kai fuskarsa dab da shafin ya daɗe a haka. Ya tambayi awa nawa suke yi a tsaye, na faɗa. Ya tambaya ko suna ganin rana, na ce ban sani ba. Ya ce shi ya yi shekara talatin a kujerar bas yana ƙorafin ciwon baya.

Sai ya ɗago ya ce, "Bilkisu ta sani?"

Na so in ce ban sani ba, amma ƙarya ɗaya ta ishe ni a mako guda. Na ce ta sani.

Ya ce, "Wato ni kaɗai ne baƙo a gidana."

Ya naɗe takardar, ya ɗauki rigarsa ya fita. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Na kira Hajiya Uwani wayarta a kashe. Na rubuta wa Bilkisu saƙo na goge, na sake rubutawa na tura mata cewa na faɗa, ta yafe mini. Na ga alamar ta karanta, ba ta amsa ba. Ranar Juma'a ina bakin aiki, duk wanda ya turo ƙofa sai na ɗaga kai na duba. Asabar Hajiya ba ta zo karatu ba, na kuma ji nauyin in bi ta gida. Haka na yi kwana biyar ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba.

Ranar Talata ya dawo, takardar a hannunsa, layin aikin nan yana nan fari yadda na bar shi. Ya zauna ya ce in ƙarasa. Na tambaye shi me zan rubuta, muka tsaya neman kalma. Na ce ɗan kwal, ya ce sai ka ce mai sayarwa. Na ce ma'aikacin jirgi, ya ce in daina yi masa kwalliya. Muka tsaya a kan mai hura wutar jirgin ruwa. Na tuna masa maganar rashin tabbas, ya ce in rubuta ta a ƙasa da ƙananan baƙi don Margaret ta samu natsuwa, amma shi ya gama shawara: idan ma ba kakansa ba ne, ɗan Zariya ne, shekara ɗari ba wanda ya zo nemansa, shi ya ɗauka. Ya ce ya sake tura saƙo gida, wannan karon na minti ɗaya, kuma ƙaninsa ya kira yana tambaya yanzu wa zai riƙa gyara musu soket.

Margaret ta karanta fassarar da na mayar mata da Turanci, ta buga hatimi. Yana tattara kayansa na kasa daurewa, na ce, "Alhaji, Juma'ar fa?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. Ya ce ya je mana, a layin gaba ma ya zauna, sai dai bai ga komai ba sai ja-ja, Hajiya ce ke gaya masa wacce ce tasu. Ya ce daren Alhamis ya yi fushi ƙwarai, da ni da Bilkisu da mai gidan hayar da ta yi rubutun. Da asuba kuma ya zauna ya yi tunani.

"Mutumin nan ya yi shekaru yana hura wuta a inda ba mai ganinsa," in ji shi. "Sai na ce a bar yarinya ta je ta kashe, ko ma samu a yi daidai."

Bilkisu ba ta yi mini magana ba sai bayan mako uku, ta shigo da kayan aikinta ta ajiye mini kwalin alewa a tebur, ta ce har yanzu ba ta gama hucewa ba.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne mutanen da ke zuwa neman kakanninsu akwai mai rai a gida da suke tunani, kuma duk abin da ka karanta musu a kansa za su sauke shi. Kalmar da ban sani ba ba ta taɓa ba ni kunya ba, domin ita nakan tashi in tambaya. Wadda na sani tun ajin farko ce ta kayar da ni. Yanzu idan mutum ya ce mini na tabbata, ko da abin a rubuce yake a gabana, nakan ce ya ba ni minti biyar in kira wadda ta fi ni.